Amsoshin Tambayoyinku: Komawa Ga Jita Bayan Dogon Hutu

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: ya ajiye jita tun yana saurayi, yanzu da girma ya zo, ko zai iya komawa gare ta?

To malam, ƙwarai kuwa za ka iya, domin hannun da ya taɓa koyo ba ya mantawa gaba ɗaya.

Fara da duba jitar kanta. Sauya tsirkiyoyinta shida, tunda tsofaffi kan yi tsatsa, sautinsu ya dushe. Duba wuyanta kuma, don bushewar hunturu na iya lanƙwasa katako ko tsaga shi. Akwai manhajojin waya da za su taimaka maka daidaita sautin kowace tsirkiya.

Yatsunka za su yi zafi har sai kanta ta sake fitowa, yawanci cikin makonni kaɗan. Tsirkiyar nailan ta fi ta ƙarfe taushi. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai amfani.

Zaɓi waƙa ɗaya da kake ƙauna, ka riƙa kaɗa ta a hankali, sauri zai zo daga baya. Ka kuma saurari makaɗan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar, kunnenka zai ƙara buɗewa.

Allah ya ba da sa'a, malam.