Abubuwa Uku Kafin A Kafa Lambu

Duk mai niyyar kafa lambu a Tudun Wadan Zariya, a bayan gida ne ko a fadamar Kubanni, wajibi ne ya lura da abubuwa uku.

Na farko shi ne lokaci. Tumatir da latas da karas sun fi son sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin zafin bazara yakan kakkaɓe furen tumatir.

Na biyu shi ne ruwa. Kwatamin gari yana kwarara cikin Kubanni. Saboda haka ganyen da ake ci ɗanye, gara a shayar da shi da ruwan rijiya, don gudun ƙwayoyin taifot da ƙwan tsutsar ciki.

Na uku shi ne juya shuka. Tumatir, tattasai, attarugu da gauta dangi ɗaya ne, kuma abokan gabarsu ɗaya, musamman wata tsutsa da ido ba ya gani, mai kumbura saiwa har shuka ta yi yaushi. Kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a fangali guda. A bi su da masara ko gyaɗa. Ita gyaɗa har ƙarfi take ƙara wa ƙasa, albarkacin bakteriyar da ke cikin ƙululun saiwarta, wadda ke kamo naitirojin daga iska.