Ƙarar da Mutum Ke Ji Cikin Kunnensa

Wata mace daga Taloka, a ƙasar Goronyo, ta zo wurin uwargidana tana kuka. Ta ce tun da ta haihu ba ta sami barcin kirki ba. Da ta kwanta, gari ya yi tsit, sai ta ji kamar ana daka a wani gida can nesa, dum, dum, dum. Wani lokaci kuwa kamar maƙeri yana zuga, fuu, fuu. Mijinta bai ji kome ba. Surukarta ta ce iska ce, maƙwabta suka ce sammu ne, har an sayar da akuya garin neman magani.

Uwargidana ta ce, "Kawo hannunki, ƙanwata." Ta ɗora yatsun matar a wuyan hannunta inda jijiya ke bugawa, ta ce ta kasa kunne. Ashe bugun jijiyar da ƙarar kunnen tare su ke tafiya, ba wanda ya riga wani. Aka kai ta asibiti, aka auna jininta, aka tarar ya ragu ƙwarai. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsar ciki. Kafin a gama girbin gero ƙarar ta tafi.

'Yan'uwa, ga abin da za mu koya daga wannan. Ƙarar kunne iri biyu ce, ya kamata kowa ya san yadda zai rarrabe su.

Iri na fari ita ce wadda ba ta tsayawa, kamar kukan gyare ko busar iska. Wannan ta kan sami tsofaffi, da masu aiki kullum kusa da injin niƙa ko injin ban ruwa. Kwinin da asfirin mai yawa su ma su kan kawo ta, ta kan tafi in an daina shan su. Tana da ban haushi, amma galibi ba ta da haɗari.

Iri na biyu ita ce ta matar nan, wadda ke bin bugun zuciya. A kanta za mu daɗe. Manyan jijiyoyi biyu suna bi ta gefen wuya, suna wucewa dab da cikin kunne. Ɗaya tana kai jini sama zuwa ƙwaƙwalwa, ɗaya tana komo da shi. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, jinin kuwa yana wucewa kusa da kunne dare da rana, amma ba mu jinsa, gama yana tafiya a hankali. Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san wannan. Ruwa cikin lambatu mai faɗi ba shi da ƙara. Amma inda hanya ta matse, ko ruwan ya yi gudu, nan za ka ji shi yana ruri. Haka jini ya ke.

Me ke sa jini gudu? A ƙasarmu, babban dalili shi ne ƙarancin jini. Jinin da ya ragu ya kan tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa, zuciya kuma ta ƙara sauri domin ta biya bukatar jiki. An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo bisa kogin Rima a 1984, noman rani ya ƙaru, mun kuwa gode. Amma inda ruwa ke kwance, sauro ba ya ƙarewa, zazzaɓinsa kuma yana cin jini. Akwai kuma wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa sa'ad da mutum ke tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima, ta maƙale a hanji tana shan jini kaɗan kaɗan. Ka ƙara da haihuwa a kai a kai. Mai irin wannan za ka ga cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, yana haki in ya yi ɗan aiki, jiri yana ɗibarsa. Hanta, da nama, da wake, da zogale suna taimako, amma a fara auna jinin tukuna.

Mace mai ciki ma ta kan ji wannan ƙara, domin jininta ya kan ƙaru da kusan rabi kafin ta haihu. Sau da yawa ba kome ba ne. Amma in ƙarar ta zo tare da ciwon kai da kumburin fuska da hannuwa, a kai ta awo ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Sa'an nan akwai hawan jini. In an auna mutum sau da sau ana samun 140 bisa 90 ko fiye, yana da shi, ko da yana jin kansa garau. Na ga dattawa da yawa waɗanda ƙarar kunne ce ta kai su asibiti, can aka gano hawan jinin. A ganina ƙarar ta yi musu alheri.

Wani lokaci kuwa jinin lafiya lau ya ke, kunnen ne ya toshe. Ka sa yatsa ka toshe kunnenka ka yi magana, za ka ji muryarka ta ƙaru a ciki. Haka dauɗar kunne ta kan yi, ko mura da hunturu, sa'ad da majina ta rufe wata 'yar hanya da ke tsakanin maƙogwaro da kunne. Ƙarar waje ta ragu, ta ciki ta fito. Akwai kuma ƙananan tsokoki biyu bayan dodon kunne waɗanda su kan yi rawa kamar yadda fatar ido ke yi, mutum ya ji tap, tap, amma ba ta bin bugun zuciya. In kuwa ƙarar ta fara farat ɗaya da dare, kamar ana kaɗa fiffike, watakila ƙwaro ne ya shiga. A ɗiga man gyaɗa mai tsabta ya kashe shi, a je a cire. Ban da wanda kunnensa ke zub da ruwa. Shi kada a ɗiga masa kome. Tsinken ashana da gashin kaza kuwa sun huda dodon kunnen mutane da yawa.

Akwai dalilai waɗanda ba su da yawa, amma suna da nauyi. Jijiyar wuya ta kan ƙuntata a jikin tsoho. Wani ƙari ya kan fito bayan dodon kunne. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kuma ya kan yi yawa ya matsa, musamman ga mata matasa masu ƙiba, in an yi sakaci kuwa ya kan ɓata ido. Saboda haka, in ƙarar a kunne ɗaya ta ke, ta yi makonni ba ta tafi ba, ko ta zo da ciwon kai, ko gani yana dushewa, ko ji yana raguwa, wannan ya wuce kantin magani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da likitocin kunne, a Kaduna kuma akwai asibitin kunne na ƙasa. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take.

Sa'ad da ka je, ka faɗa wa likita ko kunne ɗaya ne ko biyu, ko ƙarar tana bin bugun zuciyarka, da yaushe ta fara, da magungunan da ka sha, har na gargajiya. Kada ka yi mamaki in ya ɗora abin saurarensa a wuyanka ko bayan kunnenka. Wani lokaci shi ma ya kan ji ƙarar da kunnensa.