Wa ke biyan maganin kyauta?

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, darasinmu na yau a kan gidan likita ne. Ka san a ƙasarmu Nijar doka ta ce a duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta. Amma magani ba ya tsirowa a daji kamar tafasa. Sayen shi ake yi. In uwar yaro ba ta biya ba, to wa ya biya? Mu duba tare.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, cewa aka yi magani kyauta ne a likitar gwamnati. A shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi rauni. Ginin likita na nan, majo na nan, amma babu magani. Sai a rubuta maka takarda, a ce ka tahi kanti ka saya da tsada.

A 1987 ministocin lahiya na Afirka sunka taru a Bamako, ƙasar Mali. Sunka yi shawara: marar lahiya ya biya kaɗan, a sayo magani mai sauƙin kuɗi, kuɗin ya zamna cikin asusun likita don a sake sayo wani. Mutanen gari kuma su sa ido ga asusun.

A 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. A yankin Say, duk wanda ya zo da ciwo shi ke biya: babba dala 40, yaro dala 20. A yankin Boboye kuwa, kowane mai biyan lanho ya ba da dala 40 sau ɗaya a shekara, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. In ciwo ya zo, babba ya biya dala 10, yaro dala 5. Da anka yi lissafi, sai anka ga masu zuwa likita sun ƙaru ƙwarai a Boboye, musamman talakawa da mata da yara.

Mi ya sa haka? Dalili shi ne, a Boboye masu lahiya sun kama ma marasa lahiya. Ka san zazzaɓin cizon sauro da damana ya fi yawa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu kuma babu komi. Wanda ya riga ya zuba nashi tun yana da hali, ranar ciwo ba ya jin tsoron ƙofar likita. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A 1995 anka yi doka, biyan kuɗin magani ya game ƙasa. Hanyar Say ce anka fi bi. Magani ya samu, amma wanda ba shi da kuɗi ya zamna gida da ɗanshi har ciwo ya yi tsanani.

Shi ya sa gwamnati ta sake gyara. Daga 2001 anka shiga gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. A 2005 anka ce aikin fiɗa na mace mai naƙuda kyauta ne. A 2006 anka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gwamnati ta yi alkawari: likita ta yi aiki, ta rubuta, ita kuma za ta maida mata kuɗinta.

Abin ya yi amfani. Binciken 2006 ya nuna cikin yara 1000 da anka haifa, 198 ba su kai shekara 5. Binciken 2012 ya nuna sun ragu zuwa 127. Gidan sauro da allurar rigakafi da bitamin A su ma sun taimaka.

Amma an samu cikas. Kuɗin da gwamnati ta ce za ta maida ya riƙa makara, wata da watanni, wani wuri har shekaru. Likita ta ba da magani, ba a maido mata kuɗi ba, da mi za ta sayo wani? Sai magani ya ƙare, a koma rubuta ma uwa takarda. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi. Wannan sauƙi ne ga talaka. Shi ma zai ɗore in ana cike ma likita giɓin a kan lokaci.

Ga abin da za ka riƙe: babu maganin da ba a biya ba. Ko ka biya kai kaɗai ranar ciwo, ko mu biya tare tun kahin ciwo, ta hanyar lanho da harajin kasuwa da na kwastan. Kuɗin gwamnati kuɗinmu ne.

Kuɗin da anka zuba ga lahiyar yara kamar iri ne. Manomi ba ya cewa ya yi hasara don ya binne hatsi a gona. Yaron da anka ba magani da wuri a ƙauye, kwana kaɗan ya tashi. Wanda anka bari sai an ɗauki mota zuwa Maraɗi ko Damagaram, a saida akuya, uba ya bar noma. Wane ya fi tsada? Shugabannin Afirka sun san haka. A Abuja, a 2001, sunka yi alkawarin ware ma lahiya dala 15 cikin kowace dala 100 ta kasafin ƙasa. Ƙasashe kaɗan ne sunka cika shi.

Kai da ka iya karatu yanzu, kana da aiki. In ka biya lanho ko kuɗin likita, ka amshi takardar biya, ka karanta abin da anka rubuta. Ka tambayi majo abin da ke kyauta da abin da ake biya. In kwamitin kula da likita ya kira taro, ka je, ke ma ki je. A tambaya da ladabi: nawa ya shigo, nawa ya hita, nawa ake bin gwamnati? A meri kuma a tambaya nawa anka ware ma likita bana. Asusun da ido da yawa ke kallo ba ya saurin yoyo.

Tambayoyi

1. Mine ne bambanci tsakanin hanyar Say da ta Boboye?
2. Mi ke sa magani ya ƙare a likita, alhali an ce kyauta ne?
3. Su wa ke cikin kwamitin likitar garinku? Yaushe sunka yi taro na ƙarshe?