Amsoshin Tambayoyinku: Motsa Jiki a Firamare

Wata uwa daga Abakpa, Kaduna, tana tambaya: shin darasin motsa jiki ba ɓata lokacin karatu ba ne?

Hajiya, ko kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 kullum na wasan da zai sa shi haki. Ƙashinsa zai yi ƙwari, hankalinsa ya tattaru a aji. Ba sai an je Dandalin Murtala ba. Langa, tsallen igiya da 'yar gala-gala sun wadatar a harabar makaranta. 'Yan mata ma kada a bar su zaune. A taron iyaye da malamai, ki nemi kada wani darasi ya cinye lokacin wasa.