Darasin Kimiyya: Reza Mai Baki Biyu da Ilimin Aski

Ɗalibai, yau za mu ɗauki abin da kowa ya sani mu dube shi da idon kimiyya. Babu wanda bai taɓa riƙe reza ba a cikinku. Da ita kuka fiƙe fensir tun kuna firamare, da ita tela yake farke ɗinki. Amma aski ne ainihin aikin da aka ƙera ta dominsa, kuma ba a tsirara aka nufa a riƙe ta ba. Tana da gida na ƙarfe mai mariƙi, wanda yake rufe ta ya bar ɗan bakinta kawai a waje, dama da hagu. Wannan gidan da rezar da ke cikinsa su ne batunmu. Ku lura da abu uku yayin da muke tafiya, domin su ne suke yin askin: ruwa, kusurwa da sauƙin hannu.

Daga aska zuwa reza

Kafin zuwan reza, aska ce take aski, a wurin wanzamanmu da kuma a Turai. Aska tana son wasawa a kai a kai, tana kuma son hannun gwani. Wani ɗan Amurka mai yawon tallan kaya, King Camp Gillette, shi ya kawo dabarar a yi siririn ƙarfe mai arha, in ya dakushe a yar a sa sabo. Injiniya William Nickerson ya gano yadda za a taurara irin wannan ƙarfe a kuma wasa shi da inji. A 1903 gidan reza 51 da reza 168 kacal suka sayar. A 1904 Gillette ya samu rajistar mallakar fasahar, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka kayan askinsa, suka koma gida sun saba da su. Rezar farko tana saurin tsatsa. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da ta ƙarfe mara tsatsa, wanda ake gauraya shi da sinadarin kromiyam kimanin kashi 13 cikin 100, aka kuma shafe bakinta da Teflon, wato abin da ke hana abinci kamawa a tukwanen zamani.

Sassan gidan reza, da yadda ake zaɓensa

Tsawon reza kimanin milimita 43 ne, faɗinta 22, kaurinta kuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sifarta ɗaya ce a duk duniya, don haka rezar kowane kamfani tana shiga gidan kowane kamfani.

Gidan da aka fi sani kashi uku ne: murfi a sama, faranti a ƙasa, sai mariƙi da ake murɗawa ya haɗe su. In an ɗaure, murfin yakan ɗan lanƙwasa rezar. Ku ɗaga takarda a shimfiɗe ku ga yadda take langaɓewa, sannan ku ɗan lanƙwasa ta kamar indararo ku ga yadda take tsayawa ƙyam. Abin da murfin yake yi wa reza ke nan, don kada bakinta ya yi rawa a kan fata. Shi kuma farantin yana da sanda a kowane gefe, wadda take shiga gaban reza, ta shimfiɗa fata, ta hana bakin nutsewa.

Tazarar da ke tsakanin wannan sanda da bakin reza ita ce sirrin zaɓi. In tana da faɗi, fata da gashi da yawa suna shiga, aski ya yi sauri, yanka ma ya yi sauƙin faruwa. In ƙarama ce, gidan ya fi lafawa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya nemi mai miƙaƙƙiyar sanda da ƙaramar tazara, ya bar mai haƙora irin na mataji ga wanda hannunsa ya faɗa, ko mai aske gashin da ya yi tsawo. Merkur 34C na garin Solingen a Jamus da Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila sun yi suna wajen masu koyo. Sai dai tsada ba sharaɗi ba ce. Ko mai arha ka samu, sa reza ka ɗaure, ka ɗaga shi ga haske. In bakin ya fito daidai a gefen biyu, kuma ya miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, zai yi aiki. In ya karkace, ajiye shi.

Su ma rezojin sun bambanta. Feather ta Japan ta shahara da tsananin kaifi, Derby ta Turkiyya ta fi ta sanyin baki, ga Lord ta Masar, ga Tiger da muka saba gani a shaguna. Fatar kowa da irin wadda take karɓa. A nan ne za ku yi aiki da ƙa'idar gwaji da muka koya: kada a canja abu biyu lokaci guda. Riƙe sabulu ɗaya da gida ɗaya, ka canja rezar kawai, sannan za ka san daga ina bambancin ya fito.

Aikin ruwa da sabulu

Gashi an gina shi da sinadarin keratin, wanda shi ne a farce da ƙaho da kofato. Kun sha lura cewa farce ya fi sauƙin yankewa bayan wanka ko wanki. Dalilin shi ne keratin yana shan ruwa, ya kumbura, ya yi laushi. A 1976 masu bincike biyu, Deem da Rieger, sun auna ƙarfin da ake buƙata a yanke gashin gemu. Suka samu cewa gashin da ya jiƙa yana yankuwa da ƙarfin da ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma kimanin minti biyu ya ishe shi ya sha ruwan. Ruwa mai ɗumi ya fi sauri. Saboda haka lokacin aski mafi kyau shi ne bayan wanka. Wanda ya tashi ya yayyafa ruwa ya hau aski nan take, ya ɗora wa rezarsa aiki ninki uku, fatarsa ce kuma za ta biya.

Akwai abin da ke tare wa ruwa hanya, wato maiƙon da fata take fitarwa ya lulluɓe gashi. Ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ƙwayar sabulu kai biyu gare ta, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa, don haka take ɗauke maiƙon ta buɗe wa ruwa ƙofa. Aikinta na biyu santsi ne, wato rage gogayya tsakanin ƙarfe da fata. Kumfa mai kyau tana da kauri da sheƙi kamar kindirmo. In ta cika manyan ƙoƙo-ƙoƙo na iska, ruwa ya yi yawa. In tana bushewa a fuska, ruwa ya yi kaɗan. Ruwan rijiya mai zartsi ba ya kumfa sosai, saboda sinadaran kalsiyam da magnesiyam da ke cikinsa suna kama sabulu, sai a ƙara sabulun ko a nemi wani ruwan.

Da buroshi ake kaɗa kumfar, shi kuma yake tayar da gashin da ya kwanta. Ku bincika kafin ku saya, domin akwai wanda ake yi da gashin alade. Na roba yana nan, yana aiki lafiya, ya kuma fi saurin bushewa.

Kusurwa da matsi

Ku tuna fiƙar fensir. In ka kwantar da reza gaba ɗaya, sai ta zame ba ta yanki komai ba. In ka tsayar da ita, sai ta yi ta kankara. A tsakani ne take shiga itacen sumul. Haka yake a fuska, kuma wurin ya kama kusan digiri 30 tsakanin reza da fata. Ba sai ka auna ba. Ɗora saman murfin a kunci, mariƙin yana kallon waje, sai ka riƙa sauke mariƙin a hankali kana ja ƙasa har ka ji bakin ya fara cin gashi. Kunne ma yana taimakawa, domin za ka ji ɗan ƙarar yankan. Kan wannan gidan ba ya juyawa da kansa, wuyan hannunka ne zai riƙe kusurwar a kan haɓa da muƙamuƙi.

A darasin da ya wuce mun ce matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. Shi ya sa allura take huda fata da ɗan turi, yatsa kuwa ba ya yi. Bakin reza bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ɗan ƙarfi kaɗan yana zama matsi mai yawa. Nauyin gidan ƙarfen shi kaɗai ya isa. In ka danna, fata takan tattaru ta kumburo cikin tazarar nan, reza ta kankare ɓawonta na sama. Wannan ɓawon, wanda yake tsare jiki daga bushewa da ƙwayoyin cuta, ya fi rezar kanta siranta sau biyar zuwa goma. Raɗaɗin da ake ji bayan aski daga nan yake. Yi gajerun ja, santimita biyu ko uku, ka juya ɗaya bakin, ka ɗauraye. Kada ka taɓa jan reza a kaikaice ta gefe, domin haka wuƙa take yanka.

Murɗaɗɗen gashi

Wannan sashen ya fi shafarmu, ina so ku ba ni hankalinku. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, ramin da yake fitowa ma a lanƙwashe yake. In an aske shi, kansa yakan zama mai tsini. Yana tsirowa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita a rana, sai ya lanƙwaso ya soki fata. In kuwa an yanke shi a ƙasa da fata, yakan huda bangon raminsa tun bai fito ba. Jiki yana ɗaukarsa kamar sartse, ya turo masa dakarun kariya, wurin ya kumbura. Ƙurajen aski ke nan, waɗanda suka fi yawa a wuya da ƙarƙashin haɓa, suna barin baƙin tabo, wani lokaci har da tabo mai tudu.

A 1971 kamfanin Gillette ya fito da abin aski mai reza biyu a jere, daga baya aka kai har biyar. Dabarar ita ce ta farko ta ɗan jawo gashi waje, ta bayanta ta yanke shi kafin ya koma, sai kansa ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga mai murɗaɗɗe kuwa sau da yawa mafarin ƙuraje ne. Reza guda tana yankewa daidai saman fata, in dai an bi ƙa'ida: a bi kwanciyar gashi, kada a ja fata da yatsa, kada a wuce zagaye biyu, kuma a sake shafa kumfa kafin na biyu. A ganina ɗan kaushin da ya rage ya fi wuya mai ƙuraje sau dubu. Wanda ƙurajen suka riga suka kama, ya dakatar da aski na wasu makonni, ya koma rage gashi da injin aski, in abin ya ƙi ya ga likitan fata.

Na san wani zai tambaya ko aski yana sa gashi ya ƙara kauri. Ba ya sawa. Wata mai bincike, Mildred Trotter, ta gwada wannan tun 1928. Gashin da ba a taɓa yankewa ba kansa siriri ne, wanda aka aske kuwa guntulalle ne, shi ya sa yake kaushi a hannu.

Dakushewa da tsabta

Ƙarfen reza ya fi gashi tauri kusan sau 50, to me ya sa take dakushewa? A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kalli aski ta na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki. Suka ga cewa in gashi ya lanƙwashe a gaban reza, ya kuma dace da wurin da ƙarfen yake da rauni, sai bakin ya ɓantare. Da reza ta fara jan gashi maimakon yanka, yawanci bayan aski uku zuwa biyar, a canja ta. Bayan kowane aski a ɗauraye, a kaɗe ruwan, a ajiye inda iska take. Fuska kuma a wanke ta da ruwan sanyi. Alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi yana tsuke fata ya tsayar da jinin ƙaramin yanka. A jiƙa shi a goga, a ɗauraye, a shafa ɗan mai mara turare, musamman da hunturu.

Ba a aron reza, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jinin da ido ba ya gani. A shagon aski ka tabbatar an ɓare sabuwa a gabanka. Tsohuwar reza kuma a jefa ta cikin gwangwani mai ƙaramar kafa, kada yaro ko mai kwasar shara ya gamu da ita.

Aikin gida

Wanda ya fara tsirar gashi ya bar shi kwana biyu, wanda bai fara ba ya nemi izinin yayansa ko kawunsa. Shafa yatsa a kunci, haɓa da wuya. Inda ka ji santsi, nan gashin ya kwanta, inda ka ji kaushi ka saɓa masa. Zana fuska a littafinka, ka sa kibiyoyi masu nuna kwanciyar gashin a kowane wuri. Ka duba wuya da kyau, domin a wurin mutane da yawa gashin can yana kwanciya sama ko gefe. Ku kawo zanen ranar Litinin mu kwatanta.