Yadda Ake Zaɓen Madamƙin Tarakta da Yadda Ake Aiki da Shi

A Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi, aikin tarakta na 'yan makonni ne: haro da huɗa a farkon damina, sai jan tirela da kaka. Daga nan sai a jingine ta a inuwar darbejiya har bazara, ƙura na hawa kanta, alhali a watannin nan ne ake aikin ɗauka mafi yawa. Karan dawa da na gero su taho gida, harawar wake da ta gyaɗa a hau da ita bishiya ko rufin soro, taki ya fita daga turke zuwa gona, a yi sassabe a tara ƙaya. Wannan kai-kawon ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya nuna cewa shi ke riƙe da ƙarfin gonakin ƙasar Kano duk da ana noma su shekara da shekaru ba hutu. Madamƙi kayan wannan aiki ne. Cokali ne mai yatsu da ake ɗaurawa a bakin hannun loda na gaban tarakta, yana da muƙamuƙi na sama wanda man haidirolik ke buɗewa da rufewa, ya damƙi abin da cokalin yashi ba ya iya riƙewa. Shawarar da aka fi ba mai saye ita ce ya nemi mai kaurin ƙarfe, wai shi ne mai ƙarko. Wannan shawara ta lalata ƙananan taraktoci da yawa. Madamƙin da ya dace shi ne mafi rashin nauyi da zai iya aikinka, kuma taraktarka ce za ta faɗi girmansa, ba mai sayarwa ba.

Fara da tarakta kafin ka je kasuwa. Yawancin waɗanda ke yawo a yankin nan ba su zo da loda ba, saboda haka sai an saya an ɗaura. Idan sitiyarinta ba mai amfani da mai ba ne, ka haƙura, domin da zarar kaya sun hau gaba a ƙasar jigawa, ƙarfin damtse ba ya juya taya. Mai ja da ƙafa huɗu ta fi mai ja da baya kawai nesa ba kusa ba. Kuma ƙarfen da loda ke zaune a kai ya miƙe har zuwa tayoyin baya. Wanda aka maƙala a jikin inji kaɗai yana iya tsaga tarakta a tsakiya.

Daga nan sai lissafin nauyi, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Kamfanoni kan rubuta ƙarfin loda da lamba biyu: abin da take ɗagawa daidai kan fin ɗin da cokali ke juyawa, da abin da take ɗagawa milimita 500 gaba da fin ɗin. Mai sayarwa lamba ta farko yake faɗa maka domin ita ce babba, amma ta biyu ce taka, tunda kaya ba sa zama a kan fin, a can bakin yatsu suke. Duk wanda ya taɓa ɗaga tulu da hannu a miƙe ya san bambancin. A ce lodarka tana ɗaga kilo 600 a kan fin, ta koma 450 a gaba. Ka ɗaura madamƙi mai kilo 250, abin da ya rage maka 200 ne, buhu biyu na masara ke nan. Ka ɗaura mai kilo 120, ka sami 330. Kowane kilo na ƙarfen da ka saya kilo ne na kaya da ka hana kanka ɗauka a kowane sawu, kuma ko ba kaya, boris da tayoyin gaba suna ɗauke da shi duk yini. Ni ba na son madamƙi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lamba ta biyu. Faɗinsa kuwa kada ya zarce faɗin tayoyin gaba; mita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi ya ishi ƙaramar tarakta, domin kara da kansa yake fitowa ta gefe, yatsu biyar ko shida sun isa su riƙe shi.

Za a ce mini mara nauyi lanƙwashewa yake yi. Gaskiya ne ana ganin lanƙwasassu, amma a duba dalili. Ko dai ƙarfen banza ne, ko kuma an sa shi aikin da ba nasa ba. Falanki mai milimita 10 na ƙarfe mai tauri, irin Hardox na ƙasar Suwidin ko wanda ake kira AR400, ya fi milimita 16 na ƙarfen gini juriya, ga shi bai kai shi nauyi ba. Sannan ƙaramar tarakta ba ta da ƙarfin da za ta murɗe madamƙi nagari ta hanyar ɗagawa; bawul ɗin kariya zai saki mai kafin a kai nan. Abin da ke murɗe shi shi ne direba ya zura yatsa ɗaya ƙarƙashin kututturen gawo ko saiwar kalgo ya taka wuta. A irin wannan hali ma gara yatsa ya lanƙwashe, domin mai walda zai miƙe shi da yamma ɗaya. Idan madamƙin ya fi loda ƙarfi, hannun loda ne zai karkace, kuma hannun da ya karkace ba ya komawa daidai.

Sai siffa. A ƙasashen waje an fi tallata mai buɗaɗɗen ƙasa, wanda ƙasa ke zubewa ta tsakanin yatsunsa, kuma shi ya dace da kara, ƙaya, sabarar sassabe da itacen girki. Amma kada wani ya ce maka zai kwashe maka taki. Takinmu na rani busasshe ne, gari ne haɗe da yashi da toka da kashin awaki, yoyewa yake yi kamar tsaba a rariya. Na turken shanu da ya danƙare da ragowar kara kaɗai yatsu ke iya ɗauka. Don haka kada ka sayar da cokalin da ya zo da loda, kuma ka dage a kan maɗauri mai saurin sauyi, ko irin na Turai mai ƙugiya biyu a sama, ko faifan nan na Amurka mai liba biyu. Ka auna na lodarka kafin ka biya kuɗi, domin ba sa shiga juna, John Deere ma tana da nata daban a ƙananan lodocinta. Wanda ake cire fin da guduma kowane sauyi, ƙarshensa a daina sauyawa. Muƙamuƙi ɗaya ya wadatar. Mai biyu yana da amfani ga kayan da gefe ɗaya ya fi tudu, amma ƙarin silinda ne da ƙarin tiyo da ƙarin nauyi.

Ana iya ƙera shi a Kano, kuma ban ga laifin hakan ba, maƙeran Dakata sun yi abin da ya fi wannan wuya, ƙarfe da tiyo kuma akwai su a Ƙofar Ruwa. Kuɗin ba ya zama wuri ɗaya saboda canjin dala, amma na gida kan zo ƙasa da na waje sosai. Sharaɗi uku ne. A ɗora shi a sikeli a gabanka. Kowane fin ya sami bushi da kan giris, kada a huda rami kawai a zura ƙarfe. Idan kuma da sifirin mota za a yi yatsun, kamar yadda aka saba, a ɗaure su da noti. Sifirin da aka yi wa walda a sanyaye yakan tsage a gefen ɗinkin.

Yanzu ga wurin da ya fi cin rai, wato mai. Loda tana da aiki biyu, ɗagawa da karkatawa, kowanne da layinsa. Muƙamuƙi aiki ne na uku, kuma mutane da yawa sai madamƙi ya iso gida suke gane ba inda za su haɗa shi. Hanya mafi araha ita ce idan taraktar tana da mahaɗar tiyo a baya, irin mai tura mai gaba da baya, a ja tiyo biyu daga can zuwa gaba. Ka lura, mahaɗa ɗaya tilo da ake juye tirela da ita ba ta isa ba, tana tura mai ne ta hanya ɗaya, nauyin tirela ke mayar da shi, muƙamuƙi kuwa dole a tura shi ya buɗe a tura shi ya rufe. Hanya ta biyu bawul ne mai aiki da batir wanda ke karkatar da man juya cokali zuwa muƙamuƙi idan ka danna maɓalli. Yana da daɗin hannu, sai dai ba ka iya juyawa da damƙa a lokaci guda, kuma waya a taraktar da ke kwana a fili ba ta da tabbas. Ni na fi yarda da ta uku: a sa bawul mai liba uku tun ranar ɗaura loda, ba wuta ba waya, kowane bakanike a Gaya ko Wudil zai iya kwance shi. Masu tsofaffin Massey Ferguson, waɗanda har yanzu su nake fifitawa saboda samuwar kayan gyara, su sani cewa famfon da ke ɗaga haro a yawancinsu bai kai lita 20 a minti ba, kuma idan aka karkatar da mansa zuwa loda hannun baya ya daina aiki. Loda za ta motsa amma a hankali, maganin kuma shi ne ƙarin famfo na musamman. Tiyo ya kasance mai waya ninki biyu, domin matsin man yana kusan bar 200. A ɗaure shi a cikin hannun loda, a bar masa ɗan sassauci a gwiwa, a gwada ɗagawa da karkatawa har ƙarshe ana kallo kafin a shiga gona. Mahaɗa mai shafaffiyar fuska na fi so, tsumma ɗaya ke share ta, a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura ko'ina.

Kafin ɗaukar farko, sa nauyi a baya. Zuba ruwa a tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu yana taimakawa, kuma a nan ba ƙanƙarar da za ta daskarar da shi. Amma ruwan taya ba ya rage wa gaba kaya. Nauyin da aka rataya a hannun baya ne ke yin haka, domin yana danna baya ya sassauta gaba. Duro mai lita 200 cike da kankare yana kusan kilo 480, rabin duro ya ishi 'yar ƙarama, haro ma yana yi idan ba wani. Ƙara wa tayoyin gaba iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsu.

Ɗaukar kanta ba ture ba ce. Sabon direba yakan kwantar da yatsu a ƙasa ya danno, sai tarin ya yi ta gudu a gabansa yana cika da yashi. Buɗe muƙamuƙi duka, ɗaga kaɗan, karkata yatsu ƙasa, ka sauko wa tarin daga sama kamar shaho, ka rufe, ka juya baya, sannan ka ɗaga. Kaya su tsaya a tsakiya. Harawa kuwa a bi ta da lallami: darajarta a ganye take, kuma mai kiwon da ke shirya sa don kasuwar Juma'a ta Wudil ba zai sayi tsirarar jijiya ba. A ɗauke ta da sassafe tana da laushi, a ɗaure take, a rufe muƙamuƙi daidai yadda ba za ta zame ba.

Tafi da kaya ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gwiwa, da ƙaramar giya. Tayoyin gaba a kan fin ɗaya suke lilo, saboda haka tayoyin baya ne ke hana tarakta kifewa, kuma idan kaya suna sama, kunya ɗaya ta isa ta ɗaga ta baya. Bi tsawon kunya, in dole ka tsallaka ka fuskance ta kai tsaye. Kada ka ɗaga gungume sama ka juya shi baya, yana iya gangarowa ta kan hannun loda zuwa kujerarka. Duba wayar lantarki a bakin gari. Kada a ɗauki mutum a ciki ko da wasa, kuma a kori yara nesa, domin damin kara yana rufe maka gaba gaba ɗaya. Busasshen kara da salansa mai zafi ba sa haɗuwa. Share lagireto da kan inji sau biyu a yini.

Akwai mai cewa amalanke da mangala sun fi araha, kuma samari na cin abinci da wannan aiki. Ga mai gona ɗaya ko biyu, gaskiyarsa, kada ya saya. Madamƙi na mai taraktar haya ne, ko ƙungiyar manoma, ko mai turke babba, wanda kuɗinsa ke kwance wata shida ba ya juyawa. Kuma aikin da ya fi karɓa shi ne wanda ba mai sonsa: tarin ƙayar da ta kwana biyu, inda kunama da kububuwa ke fakewa.

Idan an tashi, sauke madamƙi ƙasa, kashe inji, kaɗa libobi gaba da baya har matsin ya fita, sannan ka cire tiyo. Ajiye shi a inuwa, ka haɗa bakin tiyoyinsa biyu da juna. Wanda aka bari a ranar Afrilu mansa kan kumbura, mahaɗa ta ƙi shiga, mutum ya kai ga dukanta da guduma ya lalata ta. Giris a kowane fin bayan aikin awa goma. In ka ga alamar yoyo, nemo wurin da guntun kwali, kada ka shafa da hannu, domin man da ke fita ta ƙaramin rami yana huda fata ya shiga nama. Ramin da yake yi a fata ƙanƙane ne kamar na allura, amma wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga.