Dokin da aka ce ya iya lissafi

Ka taɓa jin labarin doki mai lissafi? An yi shi a birnin Barlin, ƙasar Jamus. Sunan dokin Hans. Mai shi tsohon malamin makaranta ne, ana ce masa Fon Osten. Ya yi shekaru yana koya wa dokin ƙidaya kamar yadda ake koya wa yaro.

In an ce wa Hans: "Uku da huɗu nawa ne?" sai ya bugi ƙasa da kofato sau 7, ya tsaya. Jama'a suka riƙa zuwa kallo, kuma Fon Osten ba ya karɓar kuɗin kowa. A shekarar 1904 aka haɗa mutum 13 su duba ko da zamba a ciki. Cikinsu har da likitan dabbobi da hafsan soja. Suka duba, suka ce ba su ga zamba ba.

To, ka lura. A ce ba zamba daban, a ce doki ya iya lissafi daban.

Sai wani mai nazarin halin ɗan Adam, Oskar Fungist, ya shiga aikin. Bai tsaya gardama da kowa ba. Ya riƙa sake abu ɗaya yana barin sauran yadda suke, yana rubuta sau nawa dokin ya dace, sau nawa ya kuskure.

Da farko ya kawar da mai dokin, wani ya yi tambayar. Hans ya ba da amsa daidai. Ashe ba wani asiri tsakaninsa da ubangidansa. Sannan aka kare idon dokin yadda ba ya ganin mai tambaya. Nan lissafi ya rikice. Gwaji na uku ya fi su duka dabara. Mutum ɗaya ya raɗa wa dokin lamba a kunne, wani ya raɗa masa ta biyu, ba wanda ya ji ta ɗan'uwansa. Aka ce ya haɗa su. Yanzu ba mai sanin amsar a wurin. Hans ya yi ta bugun ƙasa, da wuya ya dace.

Ga abin da Fungist ya gano. Mai tambaya yakan ɗan sunkuyar da kai yana kallon kofato. In bugu ya kai adadin da yake jira, sai ya ɗan ɗaga kai, kaɗan ƙwarai, bai ma san ya yi ba. Wannan motsin Hans yake jira. Ya gan shi, ya tsaya, a ba shi karas. Dokin yana da wayo, ba shakka, amma mutane yake karantawa, ba lamba ba. Shi kansa Fungist, bayan ya gane, in ya yi tambaya sai motsin ya kuɓuce masa. Ya buga littafi kan wannan a 1907. Fon Osten kuwa bai yarda ba har ya mutu a 1909.

Irin wannan ne ya sa masu bincike suke ɓoye amsa har ga kansu. In ana gwada sabon magani, sau da yawa ba a gaya wa majinyaci ba, ba a gaya wa likitan da ke duba shi ba, ko maganin gaske ya sha ko ƙwaya marar komai. Sai an gama a buɗe takardu.

Kai ma abin ya shafe ka a nan aji. Malam ya ce ka nuna harafin ɓ a allo. Yatsanka yana tafiya, idonka yana kan fuskarsa. Da ka ga ya saki fuska, sai ka tsaya. Aka yi maka tafi. Amma ranar da wasiƙa za ta zo daga ɗanka da ke ci-rani, babu fuskar malam a jikin takardar. Gobe in an kira ka allo, ka roƙi malam ya koma bayanka ya tsaya, ƴan aji su yi shiru, ka nemo harafin kai kaɗai.